Yaya ake bin gasar Firimiyar Najeriya daga farko har ƙarshen kaka, kuma wane wasa ne hamayyar gaske?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum, manyanmu. Ina neman a ɗora ni a hanya. Bana ina so in bi gasarmu ta gida, NPFL, tun daga makon farko har a ɗaga kofi, amma akwai abubuwan da suka ɗaure min kai. Teburin gasar ba ya zama wuri ɗaya: ƙungiya tana ta biyar yau, bayan mako uku sai a gan ta ta goma sha huɗu, ga wata ta buga wasa 20, wata kuma 17. Sannan a ina ake samun jadawali abin dogaro, tunda ana yawan ɗage wasa ko a sauya fili? Sai maganar hamayya. Wasu sun ce babu kamar Kano Pillars da Katsina United, wasu sun ce a'a, Pillars da Enyimba ne. Wanne ne gaskiya? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Lissafi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara da tsarin gasar tukuna. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana buga wasa 38, 19 a gida, 19 a waje. Ta ɗaya da ta biyu suna zuwa gasar Zakarun Afirka, ta uku tana zuwa kofin Confederation tare da wadda ta ci Kofin Ƙalubale, wato Federation Cup. Huɗun ƙarshe suna gangarawa NNL, ajin 'yan dagaji, wasu huɗu su hauro. Idan maki ya zo ɗaya, bambancin ƙwallaye ake dubawa.

Abin da ke rikita mai sabon shiga shi ne yana karanta teburin nan kamar yadda yake karanta na Ingila, alhali ba haka yake tafiya ba. A nan gida ne ke ba da maki. Wasan gida 19 maki 57 ke nan idan an cinye su duka, kuma ƙungiyoyi da yawa, har waɗanda ba su da wani ƙarfi, suna kwashe mafi yawan waɗannan makin, a waje kuma su dawo hannu rabbana. Shi ya sa tsakiyar teburi ke cunkushewa, tsakanin ta shida da ta goma sha shida wani lokaci bai wuce tazarar nasara biyu ko uku ba. Ƙungiyar da ta yi wasan gida biyu a jere sai ta yi tsalle sama, ta fita waje sau biyu ta dawo inda ta baro. Ba ƙarfinta ne ya sauya ba, jadawali ne.

Don haka ka samu littafi ko ka buɗe shafi a waya, ka riƙa rubuta abu biyu kawai ga kowace ƙungiyar da kake bi: makin da ta zubar a gida, da makin da ta samo a waje. Canjaras a gida ka rubuta an rasa 2, rashin nasara a gida an rasa 3. Canjaras a waje an samu 1, nasara a waje an samu 3. Sai ka cire na farko daga na biyu, ka haɗa da 57, shi ne makin da za ta ƙare da shi idan ta cinye sauran wasanninta na gida, ta kuma sha kashi a sauran na waje. Misali, ƙungiyar da a ƙarshen kaka ta zubar da maki 8 a gida ta samo 21 a waje tana da 70. Da maki 70 ɗin nan Rangers ta Inugu ta ɗauki kofi a 2024. Remo Stars da 71 ta ɗauka a 2025, Rivers United kuwa 77 ta haɗa a 2022. Ka ga ke nan kofi yana wajen wadda ta iya ɗebo maki kusan 20 ko fiye a gidan wasu. A ƙasan teburi kuma kada ka ɗauko lissafin nan na Ingila cewa maki 40 ya tsirar da ƙungiya. A nan ana faɗuwa da maki arba'in da ɗoriya, sai ƙungiya ta doshi 50 hankalin magoya bayanta ke kwanciya.

Bambancin yawan wasanni da ka gani, kwantan wasa ne. Ƙungiyoyin da ke wakiltar ƙasa a Afirka ana ɗage musu wasanninsu na gida Najeriya, sai a cusa su a tsakiyar mako daga baya. Kada ka lissafa kwantan wasa a matsayin maki uku a aljihu. Duba inda za a buga shi. Kwantai uku da duk a waje ne, ga gajiyar tafiya, mai yiwuwa maki ɗaya ko biyu kacal za su haifar.

Akwai kuma makin da ake samu ko a rasa a ofis. A watan Yunin 2024, a Inugu, an ba Rangers bugun fanareti a ƙarshen wasanta da Enyimba, Enyimba ta ƙi yarda a ci gaba, wasa ya watse. Hukumar gasa ta ba Rangers maki uku da ƙwallo uku, ta ci Enyimba tara. Su biyun kuwa suna cikin masu neman kofi a lokacin. Saboda haka duk wasan da ka ji an tashi da rikici, kada ka rubuta sakamakonsa sai takardar hukunci ta fito, yawanci cikin 'yan kwanaki.

Baba Na Ƙofar Mata

Yaro, lissafin da Malam ya ba ka ka riƙe shi. Ni a kan hamayya zan yi magana, kuma a ganina wasan da ya fi nauyi ga Sai Masu Gida, wato Kano Pillars, shi ne na Enyimba, sai na Rangers. Dalili kuwa kofi.

Ka duba tarihin. An kafa Kano Pillars a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru, daga haɗewar ƙungiyoyi uku na Kano: WRECA, Golden Stars da Bank of the North. Kafin ita Kano ta riga ta san daɗin kofi, don Raccah Rovers ta lashe gasar ƙasa a 1978. Pillars ta ɗauki nata a 2008, sannan sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. Enyimba ta Aba kuwa sau tara ta ɗauka, har zuwa 2025 ba wanda ya kai ta: 2001, 2002, 2003, 2005, 2007, 2010, 2015, 2019 da 2023. Ka jera shekarun nan gefe da gefe, za ka ga daga 2007 zuwa 2015 kusan su biyun ke karɓe-karɓe. Har masu horarwa sun yi musaya. Kadiri Ikhana, wanda ya ci wa Enyimba kofin Zakarun Afirka a 2003, shi ya kawo wa Pillars kofinta na farko a 2008. Okey Emordi, wanda ya maimaita wa Enyimba a 2004, shi ya ci wa Pillars na 2014, bayan Baba Ganaru ya ci biyu. Wasan da sakamakonsa ke nuna inda kofi ya dosa, shi nake kira hamayya.

Na Rangers kuma ciwo ne da bai warke ba. Wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na 2018 a Asaba, Pillars na gaba da ci uku da nema, Rangers ta farke duka ukun, ta kuma yi nasara a bugun fanareti. Sai a 2019 Pillars ta share hawaye a filin Ahmadu Bello na Kaduna, ta doke Niger Tornadoes, ita ma a fanareti bayan an tashi babu ci. Shi ne karo na farko da ta ɗauki wannan kofin. Haka Heartland ta Owerri: a 2009 Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, 1-1 a Kano, 2-2 a Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, sai ga 'yar gida Heartland ta yi waje da ita.

In kana son ka fahimci abin da gida yake nufi a gasar nan, Pillars ta shafe shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar lig, daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015 da Nasarawa United ta zo ta yi mata 2-1. Filinta na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata na ɗaukar mutum kimanin 16,000, kuma yana cikin filaye ƙalilan a ƙasar nan da ke cika a wasan lig.

Kada kuma ka tsaya a Kano kaɗai. Tsohuwar gaba mafi girma a ƙwallon Najeriya ita ce ta Rangers da Shooting Stars ta Ibadan. Shooting ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙalubale a 1976, Rangers ta ci a 1977, kuma a wannan shekarar sun haɗu a wasan kusa da na ƙarshe, zafin abin ya sa aka kai karawa ta biyu Kaduna. A gabas akwai Enyimba da Rangers, wadda ta zama tseren yawan kofi, a 2025 tara da takwas. A yamma akwai Shooting Stars da Remo Stars ta Ikenne, tsohuwar giwa mai kofi biyar da ba ta sake ɗauka ba tun 1998, da sabuwar shiga mai zaman kanta da ta riga ta ɗauka a gabanta.

Bakatsine

Baba, a gafarce ni, amma a nan ban bi ka ba. Abin da ka lissafa tseren kofi ne, kuma gaskiya ne. Sai dai ɗan'uwanmu hamayya ya tambaya, wadda mutum zai ji ta a jikinsa. Mutumin Aba ba ya zuwa Kano kallon ƙwallo sai ƙalilan. Tsakanin Kano da Katsina kuwa tafiyar kilomita kusan 170 ce, magoya baya kan cika motoci su tafi da safe su kwana a gida. Harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, ga auratayya, ga tsohuwar tsokana tsakanin garuruwan biyu da ta girmi ƙwallo nesa ba kusa ba. Wanda aka ci zai sha ba'a a shago da tasha har zagaye na biyu. Wasan Chanji Boys, wato Katsina United, da Masu Gida ko duka biyun suna ƙasan teburi sai fili ya cika, a Ƙofar Mata ne ko a filin Muhammadu Dikko.

Kuma ya kamata a faɗa wa yaron nan abin da zafin ya jawo, don yana cikin bin gasa. A Afrilun 2022 Pillars ta dawo Kano bayan doguwar zama tana karɓar baƙi a Kaduna, wasan dawowar kuwa da Katsina United ne. Wasan bai ƙare lafiya ba, aka farfasa motar baƙi. Hukuncin da ya biyo baya: tarar naira miliyan 9, zaftare maki uku, da sake raba ƙungiya da filinta. A ƙarshen kakar nan Pillars da Katsina United duka suka faɗi, tare da Heartland da MFM. Sai a 2023 suka hauro tare. A Oktoban 2025 ma abin ya sake faruwa a Kano bayan canjaras 1-1 da Shooting Stars: 'yan kallo suka faɗa fili, aka zaftare wa Pillars maki uku da ƙwallo uku, aka mayar da wasanninta na gida Katsina.

Ka sa wannan a lissafin Malam, za ka ga maki ukun da aka cire su ne ƙaramar asara. Babbar ita ce rasa gida. Ƙungiyar da aka kora daga filinta tana tafiya a wasan gida, tana tafiya a wasan waje, kuɗin ƙofa ya tsaya, ga kuɗin masauki, kuma waɗannan maki 57 da kowa ke jingina da su sun zama na kokawa. Mai jifan alƙalin wasa da gorar ruwa ƙungiyarsa yake jifa. Saboda haka idan ka ga ƙungiya ta fara zubar da maki a gida ba gaira ba dalili, fara tambayar a wane gari take buga wasan gidan. Wani lokaci ma ba hukunci ba ne, filin ne bai cika ƙa'ida ba ko ana gyara shi, sai a tura ta wata jiha.

A 2025 kuma Kano ta samu hamayyar cikin gida, da Barau FC ta hauro. Wannan sabuwa ce, ba ta tara tarihi ba tukuna, amma a sa mata ido.

Anti Ladi ta Jos

Ƙanena, sun amsa maka biyu, bari in ɗauki ta jadawali. Jadawalin da aka fitar a farkon kaka ka riƙe shi don jerin wa zai kara da wa, amma kada ka dogara da ranakunsa. Kwana biyu kafin wasa ka duba shafin hukumar NPFL da na ƙungiyar da ke karɓar baƙi a Facebook ko X. Idan sun saɓa, bi sanarwar da ta fi sabunta, ka kuma duba sunan fili, ba ranar kaɗai ba. Yawancin wasanni ƙarfe 4 na yamma ake take su, Lahadi ta fi yawa, wasu Asabar, na tsakiyar mako kuma Laraba ko Alhamis. Wasan da za a nuna a talabijin akan sauya masa rana ko lokaci. A 2023 an ƙulla yarjejeniyar nuna wasanni da StarTimes, aka kuma fito da manhajar NPFL Live, amma ba kowane wasa ake haskawa ba, kuma irin wannan yarjejeniya tana sauyawa, sai ka tabbatar a farkon kowace kaka. Ga mai jin Hausa, shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyon jiha sun fi komai amfani, don su ke da wakilai a bakin fili, su ke sanin wanda ya ji rauni da wanda aka dakatar.

Tsarin kaka ma yakan sauya. Yanzu ana farawa wajen ƙarshen Agusta a gama a Mayu ko Yuni, don a yi daidai da kalandar CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Amma a 2018 gasa ta tsaya a mako na 24, a 2020 annobar korona ta katse ta, a 2019 da 2023 kuma rukuni biyu aka raba, sannan shida na sama suka haɗu a Legas aka fitar da zakara. Idan kana kwatanta makin wata shekara da wata, ka cire waɗannan, don ba wasa 38 aka buga ba.

Wani abin da ba ya fitowa a teburi shi ne hanya. Mafi yawan tafiye-tafiye a mota ake yin su. Daga Maiduguri zuwa Fatakwal ya haura kilomita 1,000 da nisa, tafiyar da ke cin fiye da yini guda. Idan El-Kanemi Warriors ta buga Lahadi a kudu, ta koma ta buga Laraba a gida, to ba ta yi atisaye ba, a mota ta huta. Ita ma ta kudu da za ta je Maiduguri ko Bauchi a watan Maris ko Afrilu, zafi na jiran ta ƙarfe huɗu na yamma. Hanyar kuma ba ta rasa haɗari: a Maris 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja tana kan tafiya Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni. Kafin ka zargi ɗan wasa da lalaci a waje, ka dubi taswira.

In za ka shiga fili kallo, ka isa da awa ɗaya da rabi kafin a take, musamman ranar babban wasa, ka sayi tikiti a wurin da ƙungiya ta sanar. Idan kai baƙo ne, zauna inda aka ware wa baƙi, kuma kada ka yi gaggawar fita da rigar ƙungiyarka a cikin cunkoso idan an tashi da zafi.

Kuma a yi adalci, arewa ba Kano da Katsina ba ce kaɗai. Mighty Jets ta Jos ce ta ci gasar farko a 1972, Plateau United ta ɗauka a 2017. El-Kanemi ta ci Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992, ta sake ci a 2024 tana ajin ƙasa. Wikki Tourists da Gombe United, idan suna aji ɗaya, nasu wasan ma ba a zama lafiya a Bauchi ko Pantami.

Ɗan Fagge

Na gode ƙwarai, Baba, Malam, Anti da Yaya Bakatsine. Saura guda. Me ke sa ƙungiya ta yi zagayen farko da kyau, ta zo ta ruguje a na biyu? Akwai alamar da mutum zai gani tun da wuri?

Malam Mai Lissafi

Akwai, kuma yawancinta ba a cikin fili take ba. Mafi yawan ƙungiyoyin nan na gwamnatocin jihohi ne, masu zaman kansu irin Remo Stars da Ikorodu City kaɗan ne. Idan kuɗi ya makara daga gwamnati, albashi da alawus ɗin wasa su ke fara tsayawa, kuma za ka ga tasirin a wasannin waje kafin na gida. Ka kasa kunne ga labarin 'yan wasa sun ƙi fita atisaye, ko an sauya shugabannin ƙungiya a tsakiyar kaka, ko an ba koci wa'adin wasa biyu ko uku ya gyara ko a sallame shi.

Sai hutun tsakiyar kaka bayan mako na 19, lokacin da ake buɗe kasuwar 'yan wasa. Mai cin ƙwallo a gasar nan ba ya daɗewa. Ahmed Musa ya ci 18 a Pillars a kakar 2009/2010, ya wuce Turai nan da nan. Tarihin da ake da shi na kaka ɗaya shi ne 23 na Mfon Udoh a Enyimba a 2014, ka ga ke nan wanda ya ci takwas ko tara a zagayen farko ya riga ya shiga idon dillalai. Duba kason ƙwallayen ƙungiya da ke ƙafar mutum ɗaya. Idan ya kai rabi, tafiyarsa a Janairu ko raunin wata guda ya isa ya sauya kakar gaba ɗaya.

Na ƙarshe, zagaye na biyu juyin na farko ne, wanda ka karɓa a gida kai za ka je gidansa. Ƙungiyar da ta yi wasa 10 a gida cikin 19 na farko, tara suka rage mata. Tun daga mako na 30 ka rubuta sauran wasannin kowace ƙungiya ka ware na gida da na waje, ka kuma yi alama a kan waɗanda za ta je gidan mai neman tsira daga faɗuwa, don a ƙarshen kaka sun fi gidan ta biyar ko ta shida wahalar ɗebo maki. Kofin Ƙalubale ma a wannan tsakanin yake shigowa ya ƙara cunkoso. Ranar ƙarshe duk wasanni goma lokaci ɗaya ake take su, saboda haka ka tanadi rediyo da waya mai caji, ka kuma rubuta bambancin ƙwallayen kowace ƙungiya tun kafin ƙarfe huɗu.